Kafin ka biya kuɗin faifan laftof

Tambayar da ta fi yawan shigo mini kan kwamfuta ita ce: "Malam, faifan wane kamfani ne ba ya mutuwa?" Ku yi haƙuri, babu shi. Kamfanoni uku kacal suka rage a duniya masu ƙera faifan ajiya mai juyawa, wato HDD: Seagate da Western Digital da Toshiba. Sauran sunayen da muka saba gani an haɗiye su tuntuni. Seagate ya sayi sashen faifan Samsung a 2011, Western Digital kuma ya sayi na Hitachi a 2012. Akwai wani kamfanin ajiyar bayanai a Amurka mai suna Backblaze da tun 2013 yake wallafa alƙaluman faifansa da suka mutu, kuma duk wanda ya bibiye su zai ga kamfani ɗaya yana da samfuri mai ƙarko da kuma wanda ba ya jimawa. Don haka sunan da ke jikin kwali ba shi ne abin dubawa na farko ba.

A cikin HDD akwai faranti da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata allura da ke shawagi a samansa tana karatu da rubutu. Tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi sirantaka sau dubbai. To sai ka tuna yadda muke riƙe laftof. A ɗaga shi da hannu ɗaya yana kunne, a ɗora a kan katifa ya toshe ƙofar iska ga zafin watan Afrilu, yaro ya zo wucewa ya ja wayar caji. Faɗuwa ɗaya yana cikin aiki ta isa allurar ta karce farantin. Idan ka fara jin ƙas-ƙas daga ciki, kada ka ce bari gobe. Kwashe abin da ya fi muhimmanci nan take, domin kowace kunnawa tana iya ƙara ɓarna.

Shi ya sa ni dai a cikin laftof SSD na fi so. Babu abin da ke motsi a cikinsa, girgizar keke ba ta dame shi ba, kuma ko mai haɗin SATA yana karanta kusan mega 550 a daƙiƙa, alhali faifan laftof mai juyawa bai cika wuce ɗari da 'yan kai ba. Tsohuwar kwamfutar da ka fid da rai da ita, idan ka sa mata shi sai ka ga ta farfaɗo. Amma masu yabon SSD ba su cika faɗar aibinsa ba. Sau da yawa ba ya gargaɗi, ka kwanta lafiya ka tashi kwamfuta ba ta ganinsa, kuma ceto bayanai daga cikinsa ya fi wuya da tsada. Ga jabu. Akwai waɗanda aka rubuta musu tera biyu, ainihin cikinsu bai kai ko kusa ba, sai ka loda kaya da yawa sannan fayilolin farko su fara lalacewa. Manhajar H2testw kyauta ce, tana cika faifan ta sake karantawa ta tona asirinsa. Amma fa idan ka sayi tera ɗaya Windows ta nuna giga 931, kada ka koma shago da faɗa, bambancin hanyar lissafi ne kawai.

Ka kuma tabbatar faifan da za ka saya zai shiga kwamfutarka. Faifan inci biyu da rabi yana zuwa da kaurin milimita 7 ko 9.5, ramin M.2 kuwa wani SATA yake karɓa wani NVMe. Lambar samfurin kwamfutarka za ta gaya maka.

Inda aka fi cin kasuwarmu shi ne tokumbo. Yawancinmu laftof ɗin hannu muke saya, mu duba allo, mu danna madannai, mu tambayi awa nawa batir yake yi, mu manta da faifan da za mu damƙa wa kundin digirinmu da lissafin shago da hotunan iyayen da suka riga mu gidan gaskiya. Je da CrystalDiskInfo a filas, ita ma kyauta ce. Za ta nuna maka awoyin da faifan ya yi a kunne. Shekara tana da awa 8,760, ke nan wanda ya nuna 25,000 ya yi kusan shekara uku yana aiki dare da rana, ko da mai shago ya rantse maka sabo ne fil. Idan ta nuna launin shuɗi lafiya, rawaya kuwa alama ce wasu sassa sun fara lalacewa, ka ce a canza ko a rage kuɗi. Marasa tsoron Allah suna iya goge wannan ƙidaya, shi ya sa rasit da alƙawarin canji suke da daraja.

Da za a ba ni kuɗin SSD mai tera ɗaya, gara in sayi mai giga 512, in ƙara da faifan waje mai juyawa don kwafi na biyu. Kuma ba a jaka ɗaya da laftof zai riƙa kwana ba, tunda ɓarawo jakar gaba ɗaya yake ɗauka. Takardu kuwa ba su da nauyi, giga 15 ɗin da Google yake bayarwa kyauta za su ɗauki kundin ɗalibi da duk gyare-gyaren da malaminsa ya sa shi yi.