Masu Yin Gabas: Yadda Mutanen Mallawa Suka Riƙa Taka Ƙasar Asiya

A da, mutumin ƙasar Mallawa ta yankin Damagaram da ya ƙulla niyyar ganin abin da ke bayan Bahar Maliya, da biyan bashi yake farawa. Zai bi gida gida yana neman gafara, ya damƙa gonarsa ga ƙane ko ɗan wa a gaban shaidu, ya faɗi abin da za a yi da awaki da rumbu in labarin mutuwarsa ya iso. Matar da ba za ta iya biyo shi ba, wani ya ba ta zaɓi, ko ta jira ko ya sauwaƙe mata. Ranar tashi kuwa liman ne ke gaba, a raka shi har bayan gari ana kuka irin na makoki, don kowa ya san cewa cikin masu yin gabas da yawa ba a sake ganinsu. Guzurinsa bai wuce garin gero da ƙuli-ƙuli da yaji da daddawa ba, sai gora, buzu, sanda, da gafaka in almajiri ne.

Makka ce manufa, amma ba ibada kaɗai ke tayar da mutane ba. Tun da Faransawa suka kama Damagaram a 1899, aka kuma ja iyaka tsakaninsu da Ingilishi wadda ta raba mu da 'yan uwanmu na Gumel da Maigatari da Macina, zama ya yi wa talaka zafi. Ga haraji, ga aikin dole da ba a soke shi ba sai a 1946, ga ɗibar samari zuwa soja. Malamai kuma sun daɗe suna cewa in zamani ya ɓaci, gabas ake nufa. Sarkin Musulmi Attahiru ya bi wannan kiran a 1903, Turawa suka tare shi a Burmi suka kashe shi, ɗansa Muhammadu Bello ya wuce da sauran jama'a har bakin Kogin Nilu, inda garin Mai Wurno yake har yau. Saboda haka wanda ya tsallake iyaka da dare ya ce hajji za shi bai yi ƙarya ba, amma kuma bai faɗi dukan gaskiya ba.

Tsakanin Damagaram da bakin teku akwai fiye da kilomita 3000. Daga wajenmu akan faɗa Nguru, inda jirgin ƙasa ya iso a 1930, a bi ta Barno a tsallaka zuwa Fallomi, wadda aka mayar Injamena a 1973. Daga nan sai Ati, Abashe, Adare, a shiga Darfur ta Jinaina, a wuce Fashir zuwa Al'ubayyid. Wanda ya kai Al'ubayyid da 'yan kuɗi a lalitarsa ya huta, don tun 1912 layin dogo ya iso can, yana iya hawa ya bi ta Kosti da Sannar. Mafi yawa dai ba su da kuɗin, ƙafa ce ta kawo su, ita ce kuma za ta ci gaba da kai su.

Ba wanda ke fita shi kaɗai da gangan. Mai yin haka ana ɗaukarsa ko mahaukaci ko mai gudun laifi. Ayari ake jira, da madugunsa da ya san rijiyoyi, ya san sarkin da ake gaisarwa da zangon da ba a kwana. Sai dai ayari ba ya daɗewa a yadda ya fito. Wannan zazzaɓi ya kwantar da shi a Abashe, wancan matarsa ta haihu a Jinaina dole ya tsaya, wani ya samu gonar aro ya ce sai an girbe. Abokin da kuka taso tare tun kuna kiwon awaki, kai ne za ka haƙa masa kabari a ƙasar da ba ka jin harshenta, ka ɗauki gorarsa ka ƙara gaba. Ta haka mutumin da bai taɓa kwana ɗaya ba tare da dangi ba yake wayar gari matafiyi shi kaɗai, ba don ya zaɓa ba. Daga nan kowane zango sai ya nemi sabon ubangida, ya tambayi unguwar Takari, wato mutanenmu da suka zauna a can, ya faɗi garinsu da sunan malaminsa, a ba shi tabarma a zaure.

Abin da ya sa tafiyar kan ci shekara uku, biyar, har bakwai da fiye, shi ne kowane taki sai an nemi kuɗinsa a hanya. Bayan an gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925, gonakin audugar Jazira sun buɗe baki suna neman hannu, mutanenmu kuwa noma ba baƙonsu ba ne. Suka ciri auduga a Wad Madani, suka yanke dawa a Gadarif, suka yi ga-ruwa da dako da aski da yankan farce. Malami ya yi rubutun sha, matarsa ta soya ƙosai da waina a bakin kasuwa. A ganina nan ne sirrin ilimin waɗannan tsofaffi yake. Wanda ya yi wa mutum ƙodago damina biyu ya san shi fiye da wanda ya ɗauki hotonsa. Sun dawo suna jin Larabcin kasuwa, sun san mudun kowane gari da inda ake tauye shi, sun san ƙabilar da ke karrama baƙo da wadda sai an kwana da ido ɗaya. In ka zauna da irinsu suna ba da labari, ba gini ko dutse suke kwatanta maka ba, halin mutane suke faɗa.

Tsallaka teku ya fi komai ban tsoro ga ɗan tudu da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce tabkin damina ba. Hanyar hukuma ita ce Sawakin: a yi maka lamba, a tsare ka a karantina, ka nuna takarda da kuɗin dawowa, sannan ka shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Marar takarda sai ya bi masu kwale-kwalen iska da dare, su sauke shi a wani gaɓa kudu da Jidda, wajen Lis ko Ƙunfuza, ya ƙarasa da ƙafa cikin rairayi da ƙishirwa. A nan kaɗaici ke zama hatsari na gaske, domin ba a haramta bauta a Saudiyya ba sai a 1962, kuma an sha sayar da yara da matan da ba su da mai tsaya musu. Wannan ɓangaren tsofaffi ba su cika son buɗe shi ba.

Amma wanda ya tsira ya ga abin da ya je gani, kuma a tsanake. Bayan Arfa ba jirgin da ke jiransa. Yana iya hawa Jabalin Nur ya leƙa kogon Hira, ya bi ayarin raƙuma kwana goma da ɗoriya zuwa Madina, ya tsaya a Uhudu da Ƙuba da Baƙi'a, ya zauna wata da watanni a halƙar wani malami. Masu ƙarfin hali ba su tsaya nan ba. Wasu sun yi arewa har Ƙudus, kuma zuriyar irin waɗannan matafiya daga Najeriya da Cadi da Sudan da Senegal na nan zaune daf da ɗaya daga ƙofofin Masallacin Aƙsa. 'Yan Ƙadiriyya burinsu Bagadaza, su ziyarci Sidi Abdulƙadir. Da yawa kuma sun yi zamansu a Hijaz, a Shara Mansur ta Makka da Karantina ta Jidda, jikokinsu suna amsa sunan Hausawi ko Fallata. Shehu Umar Fallata, wanda ya shekara da shekaru yana karantar da hadisi a Masallacin Annabi, a kan irin wannan hijira ta iyayensa aka haife shi.

Akwai wasu da suka ga Asiya mai nisa ba da sonsu ba. Ingilishi sun kwashi samarin Arewacin Najeriya zuwa dazukan ƙasar Bama tsakanin 1943 da 1945, Faransa kuma ta kai namu Indosin, yaƙin da ya ƙare mata da kunya a 1954. Seyni Kunce, wanda daga baya ya mulki Nijar, shi ma ya yi aikin soja a can. Waɗannan sun dawo da lambar girma da fansho da mafarkai marasa daɗi, ba wanda ya tare su da dawaki kamar yadda ake tarar alhazai.

Mota ce ta fara rage tsawon hanya. A 1948 su Alhaji Mahmud Ɗantata suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai a Kano, wadda sunanta ya bi wurin da ake kira Wapa a Fagge, inda yanzu ake canjin kuɗi. Shekaru suka koma watanni. Da jirgin sama ya kankama kuma, watanni suka koma awa biyar ko shida daga Kano ko Yamai. Kuɗin gyaɗa, lokacin da ƙasar Magarya ke cika buhuna, ya kai manoma da dama. Alhaji ya dawo da haƙorin Makka da makawiya, da zamzam da dabino da bagaruwa, da wata 'yar kyamarar roba da yara ke kanga ido a kai suna latsawa, hoton Ka'aba ya wuce, na Madina ya shigo. Yara da yawa a Dungas da Mallawa ta wannan 'yar huda suka fara ganin wata ƙasa, kuma an sha dambe a kan layin kallo.

Tafiyar mutum ɗaya ta gaskiya, wadda aka zaɓa, 'yan kasuwa ne suka kawo ta. Daga masu Kano-Jidda aka koma Dubai, sannan Bankok da Gwanzu ta ƙasar Sin, musamman bayan karyewar sefa a Janairun 1994 ta sa kayan Faransa suka fi ƙarfin aljihu. Yaron da ubansa bai wuce kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ba, yau yana hawa jirgi shi kaɗai, ya sauya a Adis Ababa, ya sauka inda ba ya iya karanta ko allon titi. Ban raina jarumtarsa ba. Amma tambaye shi abin da ya gani: masauki, rumfar dillali, ma'ajiyar kaya, gidan abincin da ake tuƙa tuwo, sai filin jirgi. Ciniki da na'urar lissafi ake yi, kowa ya danna lambarsa ya miƙa. Ya san farashin batir da fitilar sola har na kwali dubu, bai taɓa shiga gidan Basine ko ɗaya ba. Alhajin yau ma kusan haka ne, daga bas zuwa otal, jagora na ɗaga tuta, ziyarar Uhudu rabin awa direba na matsa oda.

Tsohuwar hanyar kuwa ta toshe. Rikicin Boko Haram ya lalata ɓangaren Barno da bakin Tabkin Cadi, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 kuma ya mai da Jinaina da Fashir wuraren da ake gudu daga cikinsu. Zuriyar waɗanda suka tsaya cirar auduga suna cikin masu gudun. Wasu daga cikinsu, da na Hijaz da takardar zama ta gagara, sukan turo saƙon murya ta WhatsApp da Hausa mai gauraye da Larabci, suna faɗin sunan kakansu da na unguwarsu, suna tambaya ko gonar da ya bari amana tana nan. Sai maigari ya aika a kira dattawan da suka rage, a zauna a fara lissafin wanda ya noma ta bayan wane, da inda gamban iyaka yake kafin a tuge shi.