Ranar da Furfura Ta Hau Tudu



Mu huɗu ne, mafi ƙanƙanta a cikinmu shekararsa 47. Akwai malamin firamare, da tela, da mai sayar da albasa, sai mai riƙe da alƙalamin nan. Gudu ne ya haɗa mu tun muna yara a Isa, lokacin da ake fito da mu a wasannin makaranta mu yi mita 1,500 ba takalmi. Asali mu biyar ne. Na biyar ɗinmu, wanda ya fi mu sauri, yana wani ƙauye a jihar Maraɗi da iyalinsa tun daren da 'yan bindiga suka tashi garin da yake noma.

Da hunturun bana samarin unguwarmu suka shirya tsere. Isa ba ƙasar manyan duwatsu ba ce, abin da muke da shi tudun rairayi ne a gefen gari. Za a tashi daga bakin fadama, a hau tudun, a zagaya wata bishiyar aduwa, a gangaro, duka bai wuce kilomita 2 ba. Ba a tsawaita ba saboda yanzu ba mai nisa da gari don wasa. Kyautar ta ɗaya bokiti ne da sabulu.

Da muka je rubuta suna, yaron da ke riƙe da littafi ya ɗago kai. "Baba, 'ya'yanku za ku rubuta?" Muka ce kanmu za mu rubuta. A gida kuwa matar tela cewa ta yi, "Malam, mi ya yi zahi? In mutane sunka gan ka kana gudu da hurhura, cewa za su yi an shigo gari."

Maganarta ta tsaya mana a rai. Mu Gobirawa mun tashi da labarin Bawa Jangwarzo da birnin Alƙalawa, ana yi mana kirari da gidan faɗa, kuma a tarbiyyarmu babba ba ya gudu a gaban yara. To amma Hausawa sun ce in ka ga ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba. A 'yan shekarun nan ya zo ƙasar Isa da Sabon Birni, mun ga dattawa suna gudu riƙe da rawani a hannu. Kalmar gudu ta koma ba ta da aboki sai hijira.

Malamin cikinmu ne ya ƙarfafa mana gwiwa. Ya ce a gasannin duniya duk wanda ya kai 35 yana da rukunin manya, ana raba su shekara biyar-biyar, kowa da sa'anninsa. Ya tuna mana tseren tsaunin Obudu da aka fara a Kuros Riba a 2005, mai kimanin kilomita 11. Ya ce namu tudun ko ɗan wancan bai kai ba. Duk da haka muka je aka auna mana jini, muka yi mako uku muna gwaji bayan asuba. Muka kuma yi alkawari: wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure ya tsaya, ba gori.

Ranar tsere mu 23 muka jeru. Ana busa usur samari suka zabura kamar an kwance maruƙa, ƙurarsu muka sha. Ba mu bi su ba, mun san halin rairayi: in ka miƙa dogon taki, rabinsa yake cinyewa. Muka taƙaita taki, muka ɗan rankwafa, muna jefa hannuwa, numfashi na tafiya da ƙafa. Kafin tsakiyar tudu mun fara wuce yara dafe da gwiwa suna haki.

Dab da aduwar tela ya tsaya, hannunsa a ƙirji. Mai albasa ya tsaya tare da shi, tela ya kore shi da hannu. "Tai abinka, lahiya ta lau. Alkawali ni ka cikawa." Muka zagaya bishiyar mu uku. Gangara ta fi hawa azaba, domin nan ne gwiwa take karanto maka shekarunka ɗaya bayan ɗaya.

Muna gangarowa muka hangi wata tsohuwa, cikin waɗanda suka yi hijira zuwa gari, ta fito da tulu. Tana ganin mutane a guje ta yar da tulun, ta fizgi jikanta za ta juya. Sai ta ji kalangu, ta ga mata suna guɗa, ta ga mu masu furfura muna haki muna dariya. Ta tsaya cak, ta daɗe tana kallonmu.

Malam ya zo na 9, sauran biyun na 14 da na 15. Tela ya sauko da ƙafarsa, a hankali, aka tafa masa fiye da wanda ya ci bokiti. Muka haɗa kuɗi muka saya wa tsohuwar sabon tulu.

Muna zaune muna shan ruwa jikan nata ya matso, bai fi shekara 6 ba.

"Kaka, wa ya koro ku?"

"Ba kowa, ɗan nan."

"To don mi kuke gudu?"

Muka dubi juna, ba wanda ya iya ba shi amsa. Da dare muka tura wa abokinmu na Maraɗi hoton tudun. Ya turo saƙon murya, ya ce a rubuta sunansa a na baɗi, in Allah ya kai mu, kuma kada mu sa rai da bokitin.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya maido da kowa gidansa.