Ganuwa Mai Ƙofa

Tun da na fara koyon Hausa nake son kalmar ganuwa, domin da wuya a ambace ta ƙofa ba ta biyo baya ba. A 1824 Bature Clapperton ya tarar da garin Katagum da ganuwa biyu da ƙofofi huɗu. Fatake su shigo, garke ya fita kiwo, da dare a rufe. Amma katangar ƙarfen da Amurka ta kafa a iyakarta da Meziko ta raba dangi, ta kuma tare wa damisa da barewa hanyar ruwa, alhali dabba ba ta da fasfo. Hausawa kan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ni dai ƙadangaren nake tausayi.