Ziyararmu Zuwa Gidan Tarihi Na Jos

Mu 'yan Ƙungiyar Tarihi ta makarantarmu mun sami zarafin ziyartar Gidan Tarihi na Jos a zango na biyu, tare da malamanmu guda biyu. An buɗe gidan a shekarar 1952 ta ƙoƙarin wani Bature ɗan Ingila, Bernard Fagg. Mun zaga rumfar tukwane, mun kuma ga kwaikwayon ganuwar Kano da na masallacin Zariya da aka gina da ƙasa. Amma inda muka fi daɗewa shi ne wurin kayan Nok.

Kawunan mutane ne na yumɓu, waɗanda aka gasa kamar tukunya. Idanunsu masu kusurwa uku ne, an huda tsakiyarsu, haka ma hanci da baki. Abin da ya fi burge 'yan matan cikinmu shi ne kitson, domin wani sai ka rantse a unguwarku aka yi shi jiya. Wasu daga cikin irin waɗannan kawuna an ƙera su tun wajen shekara 900 kafin haihuwar Almasihu.

Wani ɗan ajinmu ya yi raɗa cewa ai gumaka ne. Malam ya ji shi, ya ce, "Ɗana, ba sujada ta kawo mu ba. Dubi aikin hannun." Muka matsa kusa. Wanda ya iya gasa kai mai girma haka bai fashe a wuta ba, lallai ya san sana'arsa.

Masu haƙar kuza ne suka fara tono irinsu a 1928, kusa da ƙauyen Nok da ke Jihar Kaduna ta yanzu. A wajen 1943 aka sami wani kan a yankin Jama'a, har wani ma'aikaci ya kafa shi a gonar doyarsa don korar tsuntsaye! Mun yi dariya ƙwarai, 'yan kudancin Kaduna da ke cikinmu kuwa sai ɗaga kafaɗa suke yi, wai a ƙasarsu aka samo.

Dariyar ba ta daɗe ba. A shekarun 1990 mutane sun yi ta haƙa a ɓoye suna sayar wa dillalai, kayan suna ƙetare teku. A shekarar 2000 an baje wasu a gidan tarihi na Louvre da ke Faransa, sai a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su a matsayin aro. Mai haƙa da dare ba ruwansa da gawayi ko ɓallin tukunyar da ke kusa da kan, alhali da su ne masana ke gane shekarunsa da yadda masu shi suka zauna. Ko an dawo da kan, wannan shaidar ta tafi.

Muna roƙon hukumar makaranta ta riƙa kai ƙananan azuzuwa ma, ba manya kaɗai ba. Da yawansu 'ya'yan manoma ne, kuma garmar iyayensu na iya tono irin wannan kai wata rana.