Katunan ɗiyata da littafin bashina

Saura kwana biyar jarrabawar BEPC ɗiyata ta same ni a shago, a nan Zangon Kwatano, ta miƙo mini waya idonta ya yi ja. "Baba, dubi abin nan. Wai na gama na yau, in dawo gobe. Ni kuma ina da kati ɗari huɗu na tarihi da nake son gani kafin Litinin."

Manhajar sunanta Anki. Katunan tambaya ne a cikin waya: gaba tambaya, baya amsa. In ka duba amsar sai ka danna ɗaya daga maɓallai huɗu, wato ka manta, ya yi wuya, ka sani, ko ya yi sauƙi. Tun farkon shekara take zuba darussan lakwal a ciki, ni dai nawa sayen data.

Da na zauna na lura da yadda take aiki, sai na ga ai littafin bashina ne. Mai biya a kan lokaci ba na zuwa ƙofarsa kullum, sai in ba shi sati, in ya cika alkawari in ba shi wata. Mai taurin bashi kuwa kowace safiya yana ganina. Haka katin yake. Sabo yakan dawo bayan minti 1, sannan minti 10, sannan gobe. In ta ci gaba da sanin sa, tazarar takan ninku kusan sau biyu da rabi: kwana uku, sati guda, kusan sati uku, har watanni. Dabarar ta samo asali daga wani ɗan ƙasar Folan, Piotr Woźniak, wanda ya tsara lissafin a 1987, kuma manufarta a tuna maka abu daidai lokacin da yake shirin kuɓuce maka. To katunan da ɗiyata ta fi sani an tura su can watan Agusta. Manhajar ba ta san da wata Litinin ba.

Nan ne na yi kuskure, kuma nawa ne ni kaɗai. Na ce mata, da wayon ɗan kasuwa, duk katin da ya fito ta danna "na manta", ai dole ya dawo da wuri. Ta bi maganata kwana ɗaya cur. Ashe duk katin da ya daɗe aka ce an manta shi, manhajar takan rushe tazarar da ya tara, ta maishe shi kamar sabo, ta kuma rage saurin da zai riƙa nisa nan gaba. In aka manta kati sau 8 ma sai ta yi masa alamar mai taurin kai. Kamar in je littafina in rubuta wa amintaccen abokin ciniki "ba ya biya" don kawai ina marmarin ganin sa. Kuma waɗancan na Agusta ko ɗaya bai fito ba.

Ɗan wana da ke karatu a jami'ar Abomey-Calavi ne ya cece mu. Na kira shi da dare, ya yi dariya ya ce, "Baffa, ai akwai ƙofar da aka yi domin masu haɗiyar karatu." Ya nuna mata yadda ake haɗa tarin wucin gadi: ka ce a kwaso maka dukkan katunan tarihi, ko lokacinsu ya yi ko bai yi ba. Sai wani ɗan akwati a ƙasa da ke tambaya ko a sake tsara ranakun katunan bisa amsoshin da aka bayar a wannan tari. Ya ce ta cire alamar. In an cire, wanda ta kasa zai sake fitowa bayan ɗan lokaci kaɗan a zaman nan, wanda ta sani kuma ya koma gidansa da ranarsa ta asali, ba a taɓa ta ba. In an bar alamar, kowace amsa tana shiga lissafi, har da ta ƙarfe ɗayan dare da barci ya ci ido.

Ni abin da ya burge ni shi ne manhajar ba ta hana ka haɗiya, amma ba ta yarda ta ɗauki karatun daren jarrabawa a matsayin sani. Katin da ka gani awa biyu da suka wuce ka amsa shi, ba abin kirki ya nuna ba, ko da alamar tana nan ƙarin tazarar da zai samu kaɗan ne.

Kwana huɗun nan ta bi tarin sau uku, da asuba da bayan isha'i, na kuma hana kowa aiken ta kasuwa. Katunan da shawarata ta lalata, sittin da wani abu, sai da ta yi ta bin su har cikin hutu kafin su koma nisan da suke da. Duk safiyar da ɗaya ya fito sai ta ɗaga mini wayar ta ce, "Baba, ga naka."