Ranar Aski

A da, babu ranar da muke fargaba a gidanmu kamar Asabar ɗin aski. Da zarar mun doshi shagon mai aski, ɗana na biyu sai ya toshe kunnuwa, ya faɗi yana birgima, har sai mutum biyu sun danne shi kafin a gama. In mun dawo gida ya yini bai ci abinci ba, ni kuwa in yini da nauyin abin da na sa aka yi masa.

'Yan'uwa suka ce sangarta ce, wasu suka ce iska ce. Sai da ya kai shekara 5 likita ta tabbatar mana galahanga ce, wadda masana ke kira otizim. Na shiga karatu, na tarar tun a 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana halin yara 11 masu wannan larura, ya ambaci yadda ƙara ke firgita su da yadda ba su son a sauya musu abin da suka saba. Amma mahaifiyarsa ce ta gano bakin zaren, domin ta lura yana gudun injin markaɗe da janareto kamar yadda yake gudun shagon. Ashe ƙugin injin askin ne ke azabtar da shi.

Muka nemo wani dattijon wanzami daga unguwar Sabo a nan Ibadan, muka roƙe shi ya riƙa zuwa gida da almakashi da mataji kawai. Zuwansa na farko shayi ya sha, ya bar yaron ya taɓa almakashin, ya tafi. A na biyu ni ya yi wa aski, yaron yana leƙe daga bayan ƙofa. A na uku ya rage masa gefe ɗaya, yaron ya miƙe. Na yunƙura zan riƙe shi, sai dattijon ya ce, "Haba Malam, bar shi. Gashin da ba a aske yau ba yana nan gobe." Haka ya tafi makaranta mako guda da rabin aski, ni ma na koyi haɗiye kunya.

Daga nan muka tsayar da tsari: lokaci ɗaya, kujera ɗaya, da zane huɗu a bango masu nuna zama, aski, wanka, sannan ƙosai. Irin wannan dabara muka bi a wasu wuraren. Muna yanke 'yar alamar da ke wuyan riga domin tana sukar sa, kasuwa kuwa sai da sassafe kafin hayaniya ta tashi.

Yau shekararsa 11, kuma shi ke ɗauko kujerar da kansa. Har yanzu ba ya shiga shagon mai aski, na kuma daina ɗaukar wannan a matsayin kasawa. Ɗalibaina, da yawanku za ku zama malamai da iyaye. In kun ga yaro ya toshe kunnuwa, kafin ku ɗaga bulala, ku tsaya ku saurari abin da yake ji.