Afrilu a Teksas: Ɗan Aji Uku da Nauyin Makarantarsa

A jihar Teksas ta Amurka makarantu kan buɗe sabuwar shekara a watan Agusta, amma tun ranar farko hankalin malamar aji uku yana kan Afrilu. Tsakanin Afrilu da farkon Mayu ne yaranta, 'yan shekara takwas zuwa tara, za su zauna gaban kwamfuta su rubuta jarrabawar lissafi ta jiha da ake kira STAAR. Wannan ne karonsu na farko, kuma daga nan duk shekara sai sun sake zama har su gama aji takwas.

Mu nan mun saba da jarrabawar shiga sakandare ta ɗan aji shida: ya ci ya samu gurbi, ya faɗi iyayensa su nemi wata ƙofa. Tasu ba haka take ba. Yaro ne ke rubutawa, amma makarantar ake aunawa. Tun 2021 Teksas ta daina hana yaro wucewa aji na gaba don ya faɗi wannan jarrabawa. Abin da doka ta tanada shi ne a ba shi ƙarin darasi na wasu sa'o'i. Ita kuwa makarantar, Hukumar Ilimi ta jihar tana liƙa mata harafi daga A zuwa F, kuma a matakin firamare kusan dukan makin daga sakamakon yara yake fitowa. Iyaye na duba harafin nan kafin su kama gida a unguwa. Idan makaranta ta yi shekara biyar a jere tana faɗuwa, doka ta ba jiha ikon rufe ta ko sauke hukumar makarantun gundumar da jama'a suka zaɓa. Ba barazanar baki ba ce: a 2023 jiha ta karɓe ragamar makarantun birnin Hiyustan, gundumar ilimi mafi girma a Teksas, ta naɗa musu shugaba da kanta, kuma mafarin rigimar wata sakandare ce guda da ta daɗe tana faɗuwa.

Asalin tsarin ma daga Teksas ya bazu. George W. Bush ya yi gwamnan jihar daga 1995 zuwa 2000, da ya zama shugaban ƙasa kuwa sai ya ɗauko Rod Paige, shugaban makarantun Hiyustan, ya ba shi ma'aikatar ilimi. A Janairun 2002 ya sa hannu a dokar da aka yi wa laƙabi da kada a bar wani yaro a baya, wadda ta wajabta wa kowace jiha gwada yara a karatu da lissafi duk shekara daga aji uku zuwa takwas, da burin kowane yaro ya kai mizani kafin 2014. Burin bai cika ba. A Disambar 2015 Barack Obama ya sa hannu a wata dokar da ta sassauta hukunci ta mayar wa jihohi da iko, amma jarrabawar shekara-shekara tana nan daram. Kowace jiha da tata, da manhajarta, da makin cinta.

To me ake tambayar ɗan aji uku? Lambobi har zuwa 100,000, jadawalin sau har goma sau goma, rabawa, ɓangarorin abu guda kamar rabi da sulusi da rubu'i, faɗin fili da kewayensa, har da ɗan ilimin kuɗi, wato bambancin ajiya da kashewa da cin bashi. Ba a ba shi na'urar lissafi. Sai dai abin da ke kayar da yara ba jadawalin ba ne, labarin da aka naɗe lissafin a ciki ne. A ce wata mata ta sayi kwali 4 na ƙwai, kowanne da ƙwai 12, ta soya 7, saura nawa? Amsa 41 ce. Amma a cikin zaɓin da za a jera wa yaro zai tarar da 48, don mai tsayawa a rabin hanya, da 55, don mai tarawa a inda ya kamata ya ɗebe, da 9, don wanda ya haɗa 4 da 12 maimakon ya ninka. Kowace amsar ƙarya an gina ta ne a kan kuskuren da aka san yara na yi. Yaron da ya haddace jadawali kamar ruwa amma karatunsa bai nuna ba, nan zai faɗa rami.

Shi ya sa malamar kirki take fara shirinta daga hannu da ido. Za ta zube wa yara 'yan duwatsun roba su jera su layi huɗu, kowane layi goma sha biyu, su ga ninkin da idonsu kafin su rubuta shi. Za ta yanka takarda gida shida da gida takwas su ɗora ɗaya kan ɗaya, su gane da kansu cewa ɗaya bisa takwas bai kai ɗaya bisa shida ba ko da yake takwas ta fi shida, abin da ke rikita yara a ko'ina a duniya. Za ta koya musu su zana labarin kafin su taɓa lamba, su sake faɗin tambayar da bakinsu. Bayan kowane gwaji na wata-wata sai ta raba ajin ƙungiya-ƙungiya, ta jawo biyar ko shida da suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya zuwa teburinta, sauran suna aiki. Tun da jarrabawar ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2023, kuma aka ƙayyade tambayoyin zaɓi kada su wuce kashi 75 cikin ɗari, dole ta koya musu jan abu a allo da buga amsa da kansu. Fiye da rabin ɗaliban makarantun gwamnati a Teksas 'yan asalin Latin Amurka ne, don haka akwai jarrabawar da Sifaniyanci daga aji uku zuwa biyar. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin na san yadda yaronmu kan faɗi lissafin da ya iya a kasuwa saboda kawai an tambaye shi da Turancin da bai gama ji ba.

Irin wannan shiri ba ni da ja a kansa. Koyarwa ce tsantsa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Damuwata tana kan ɗaya nau'in, wanda ke kunno kai daga Fabrairu a makarantun da harafin F ke bi. Can sai takardun gwaji su cinye yini. A koya wa yaro dabarar soke zaɓi biyu ya yi canke a sauran, ko a ce masa duk inda ya ga kalma kaza tarawa ake nufi, dabarar da ke rushewa da zarar mai tambaya ya juya jimla. A rage lokacin wasa, a ɗage zane da tarihi da kimiyya zuwa bayan jarrabawa. Wani bincike na 2007 ya gano kashi 44 cikin ɗari na gundumomin da aka tambaya sun rage lokacin wasu darussa a firamare don ƙara wa karatu da lissafi. Wasu malamai kan zuba ƙarfinsu kan yaran da ke dab da layin ci, su bar na can ƙasa da na can sama, domin na tsakiyar ne ke motsa alƙaluma. Inda matsin ya kai maƙura shi ne Atlanta a jihar Jojiya: binciken 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 da hannu a goge amsoshin yara ana gyarawa, kuma a 2015 kotu ta sami 11 da laifi. Waɗanda aka cuta su ne yaran da aka rubuta sun ci alhali ba su iya ba, suka rasa taimakon da ya kamace su. Iyaye ma sun yi bore; a 2015 kusan ɗaya cikin biyar na ɗaliban da ya kamata su zauna jarrabawar jihar Niyok iyayensu sun hana su.

Duk da haka ba zan bi masu cewa a yi watsi da awon ba. Dokar 2002 ta tilasta a fitar da sakamako rukuni-rukuni: 'ya'yan talakawa, baƙaƙen fata, masu koyon Turanci, masu buƙata ta musamman. Kafin nan makaranta na iya fakewa da matsakaicin maki mai kyau alhali wani ɓangare na yaranta na nutsewa ba wanda ya lura. Kuma da awo ne aka san girman ɓarnar annobar korona, lokacin da jarrabawar ƙasa ta 2022 ta nuna makin lissafin 'yan aji huɗu ya sauka da maki 5 daga na 2019. Laifin da nake gani shi ne ɗora wa zama ɗaya na ɗan shekara takwas aikin malama da mutuncin unguwa, a ƙasar da kuɗin makaranta ke dogara sosai da harajin gidaje, wato unguwar masu hali ta fara tseren tana gaba.

Majalisar Teksas ta ji ƙorafin. A 2025 ta zartar da dokar maye gurbin STAAR da gajerun jarrabawa uku, a farkon shekara da tsakiya da ƙarshe, daga shekarar karatu ta 2027, tare da alkawarin sakamako zai riƙa fitowa cikin kwanaki kaɗan don malama ta yi amfani da shi yaran na gabanta. Masu goyon baya na cewa nauyin rana ɗaya zai ragu. Malamai da yawa kuwa na fargabar Afrilu ɗaya ce za ta zama uku. Kafin lokacin, daren jarrabawa makarantu na ci gaba da aika wa iyaye saƙo cewa yaro ya kwanta da wuri, ya karya kumallo sosai, kada a makara.